Santsi da Santi: Me Ke Riƙe Masu Wasan Zamiya a Kan Ƙanƙara?

A Birnin Kebbi, idan aka ce ƙanƙara, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne ƙullin leda da ake rububin saye gab da shan ruwa a watan azumi, ko wadda kan zubo tare da ruwan sama ta kwantar da shuka. Garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu ba wurin da za a yi tunanin shimfiɗa ƙanƙara mai tsawon mita 60 da faɗin mita 30 ba ne, balle mutum ya ɗaura takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasansa ya hau kai yana juyi. Amma waya ta rage nisan duniya. Duk lokacin da gasar Olamfik ta lokacin sanyi ta zagayo, kamar ta Milan da Kortina a Italiya a Fabrairun 2026, gajerun bidiyoyin wasan kan cika Facebook da TikTok, har a teburin mai shayi a riƙa miƙa waya daga hannu zuwa hannu.

Tare da bidiyoyin akwai labaran da ke ɗaure kai. Ga Alysa Liu, 'yar Amurka da ta ci gasar zamiya ta ƙasarsu a 2019 tana da shekara 13. A 2022, tana da shekara 16, ta sanar cewa ta bar wasan. Bayan shekara biyu sai ga ta ta dawo, a Maris na 2025 kuma ta ci gasar duniya a Boston. Ba ita kaɗai ba ce. Mutanen da suka fara da girmansu, waɗanda ba kofi suke nema ba, sukan kwatanta halinsu da na wanda ya kamu da wani abu: suna faɗuwa, suna kumbura, gobe da asuba suna komawa. A wurinmu kuwa kalmar kamuwa tana da nauyi, domin kodin da tiramol take tuna wa iyaye. Shi ya sa ya dace a tsaya a bambance.

Sha'awa, sabo, jaraba

Kalmomi uku ne ake cakuɗawa. Sha'awa ita ce ka so abu, ka ji daɗinsa in ka samu, in ka rasa ka ci gaba da harkokinka. Sabo ya ɗara haka: jiki da lokaci sun ginu a kan abin, ranar da ba a yi ba sai a ji wani iri, kamar dattijon da ya wayi gari babu goro a aljihu. Hausawa ba su raina ƙarfinsa ba, tunda har suka ce sabo turken wawa.

Jaraba a ma'anar likitoci ta fi waɗannan biyun ƙunci. A kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ɗabi'u biyu ne da ba na shan wani abu ba aka amince suna iya zama cutar kamuwa: caca da wasannin bidiyo. Alamomin da ake dubawa su ne mutum ya kasa riƙe linzamin abin, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, yawanci na tsawon shekara guda. Motsa jiki ba ya cikin jerin, zamiya a kan ƙanƙara ma haka.

Shi kansa wasan iri-iri ne. Akwai zamiyar salo, wadda ake yi da kiɗa da tsalle da juyi, ita ce aka fi gani a bidiyo. Akwai tseren gudu, akwai kuma hokin ƙanƙara da ake bugawa ƙungiya da ƙungiya. Mafi yawan masu hawa ƙanƙara a duniya ba sa cikin ko ɗaya, zagaye fili kawai suke yi don nishaɗi.

Tafiyar da ba a biyan kuɗinta

Ƙarfen da ke ƙasan takalmin zamiyar salo kaurinsa bai wuce milimita 4 ba, kuma an ɗan rarake tsakiyarsa ta yadda yake da kaifi biyu, na ciki da na waje. Na masu tsere ya fi shi siranta, kusan milimita 1. A kan wannan ɗan siririn abu mutum ke ɗora dukkan nauyinsa.

An daɗe ana gardama a kan abin da ke sa ƙanƙara santsi. Tsohon bayanin da ke cikin littattafan makaranta shi ne nauyin mutum ke narkar da ita a ƙarƙashin ƙarfen. Lissafi ya nuna wannan bai isa ba, domin ana zamiya ko da sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri, inda nauyin mutum ba zai narkar da komai ba. A 1939 wasu masana biyu a Ingila, Bowden da Hughes, suka nuna cewa zafin gogayyar ƙarfe da ƙanƙara yana samar da ɗan ruwa. Tun kafin su, a tsakiyar ƙarni na 19, Michael Faraday ya yi hasashen cewa fatar ƙanƙara ta sama ba ta daskarewa sarai ko ba a taɓa ta ba. Masana na yau sun fi karkata ga haɗa bayanan biyu na ƙarshe.

Ko ma wane ne daidai, sakamakon ɗaya ne: turawa ɗaya da ƙafa tana kai mutum nesa. Gwanayen tsere na cinye mita 500 cikin ƙasa da daƙiƙa 34, wato sama da kilomita 50 a awa, gudun babur ke nan a cikin gari, ba inji ba fetur.

Nan ne asalin daɗin yake. Jikin ɗan Adam ya saba biyan kuɗin kowane taku. Wanda ya taɓa ratsa rairayi da kaya a ka, ko ya shiga laka a fadamar shinkafa, ya san yadda ƙasa ke karɓar harajinta daga cinya. A kan ƙanƙara sai wannan ciniki ya rushe: ka ba da kaɗan, ka karɓi da yawa. Yaron da ya saki keke a gangare ya ɗage ƙafafunsa ya ɗanɗani wani abu daga ciki, haka ma mai kwalekwale a Yawuri idan ya ajiye filafili ya bar ruwan Neja ya ja shi. Bambancin shi ne gangare yana ƙarewa, mai zamiya kuwa da kansa yake ƙera nasa gangaren a duk turawa. Harafi ɗaya ne tsakanin santsi da santi, kuma masu wasan nan sukan yi surutu a kansa kamar wanda miya ta ratsa.

Da farko ma sufuri ne. Dubban shekaru da suka wuce mutanen arewacin Turai kan ɗaura ƙasusuwan dawaki ko na shanu a ƙafa su ƙetare tafkuna da suka daskare, suna tura kansu da sanda. Mutanen Holan ne suka yi fice da na ƙarfe tun wajen ƙarni na 13 zuwa na 14, suna bin magudanan ruwansu daga gari zuwa gari. A 1876 aka buɗe filin da inji ke daskarar da shi a Landan, a 1892 aka kafa hukumar wasan ta duniya a Holan, a 1908 kuma zamiyar salo ta shiga Olamfik.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa da ruwa a cikinsu, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko kai ya karkata ko yana juyawa. Saƙonsu na haɗuwa da na ido da na tafin ƙafa a wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, wanda ke daidaita motsi. A tafiyar yau da kullum wannan aiki ya zama jiki, shi ya sa mutum ke iya tafiya kasuwa yana lissafin bashin da ake bin sa. A kan ƙarfe mai kaurin milimita 4 babu wannan sararin. Da zarar hankali ya tafi wani wuri, mutum na ƙasa.

Wani masanin halayyar ɗan Adam haifaffen Turai da ya yi aiki a Amurka, Mihaly Csikszentmihalyi, ya yi nazarin wannan yanayi tun shekarun 1970 a wurin masu hawan dutse da masu zane da likitocin tiyata. Ana iya kiransa nutsewa: mutum ya dulmiya cikin aiki har ya manta da lokaci da kansa. Ya lura cewa yana samuwa ne idan abin da ake so a cim ma a fili yake, sakamakon kowane motsi yana zuwa nan take, kuma wahalar aikin ta yi daidai da iyawar mai yi, ba ta yi sauƙin da zai gundure shi ba, ba ta yi tsananin da zai sa ya yanke ƙauna ba. Maɗinkin hula da ke ɗago kai ya ga la'asar ta yi bai sani ba ya san wannan hali. Ƙanƙara dai ta fi allura rashin haƙuri, hukuncinta ba ya jiran gobe. Ga wanda damuwa ta yi wa yawa, awa guda da kansa ya yi shiru ba ƙaramin abu ba ne, kuma da yawa wannan shirun suke komawa nema, ba gudun ba.

Sai maganar dofamin, sinadarin da ake yawan kira na jin daɗi, kodayake sunan bai dace da shi sosai ba. Binciken da Wolfram Schultz ya yi da birai a shekarun 1990 ya nuna cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke sakin sa sun fi motsawa idan lada ya zo ba zato, ko ya fi yadda aka zata. Idan biri ya riga ya san ruwan 'ya'yan itace na zuwa, isowarsa ba ta ƙara tayar da su. Tun kafin nan B.F. Skinner ya gano da tattabaru cewa wadda ake ba hatsi jefi-jefi, ba tare da ta san yaushe ba, ta fi nacewa da saran maɓalli a kan wadda ake ba kowane lokaci.

Koyon zamiya haka yake. Mai koyon tsalle zai faɗi, ya faɗi, ya sake faɗi, sai kwatsam sau ɗaya ya sauka daram a kan ƙafa ɗaya. Ya sake gwadawa, abin ya ƙi. Yanzu ya san jikinsa zai iya, bai dai san yaushe zai sake yi ba. Wannan “bari in ƙara ɗaya” shi ke hana shi cire takalmi. Kuma tsanin ba ya ƙarewa. Wanda ya iya tsayuwa yana son iya birki, wanda ya iya birki yana son tafiya da baya, daga nan juyi, daga nan tsalle. Tsallen da wani ɗan Norwe mai suna Axel Paulsen ya fara nunawa a 1882 juyi ɗaya da rabi ne a sama. Sai a Satumbar 2022 Ilia Malinin na Amurka ya zama na farko da ya sauke irinsa mai juyi huɗu da rabi a gasa. Shekara 140 ana hawan tsani ɗaya.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan ita ce dabarar cacar ƙwallo ta waya da ta cinye kuɗin samari. Ƙugiyar iri ɗaya ce, gaskiya. Inda suka rabu shi ne mai caca ko ya shekara goma yana yi, damar cinsa ba ta ƙaruwa, an riga an tsara lissafin don kamfani ya ci riba. Mai zamiya kuwa kowace faɗuwa tana gyara masa wani abu, tsallen da yake samu jefi-jefi a bana zai zama nasa baɗi.

Akwai kuma abin da kowane motsa jiki mai ƙarfi ke bayarwa, wato sakin sinadaran da ke rage zafin ciwo su kwantar da hankali. An daɗe ana jingina wannan ga endofin, amma wani bincike da aka yi da ɓeraye a Jamus a 2015 ya nuna wasu sinadaran da jiki ke ƙerawa da kansa, masu kama da abin da ke cikin wiwi, suna da hannu sosai. Mai kokawa da mai ƙwallo duk suna samun wannan, ba na ƙanƙara kaɗai ba ne.

Abin da ba a samu kullum

A lardin Firislan na Holan akwai tseren da ke ratsa garuruwa 11, tafiyar kusan kilomita 200 a kan koguna da magudanai. An fara shi a hukumance a 1909, kuma ba a yin sa sai ƙanƙarar ta kai kaurin santimita 15 a kusan dukkan hanyar. Sau 15 kacal aka taɓa yi, na ƙarshe a Janairun 1997. A na 1963, saboda tsananin sanyi da iska, cikin kusan mutum 10,000 da suka tashi waɗanda suka kai ƙarshe ba su cika 200 ba. Duk da haka, da zarar sanyi ya yi 'yan kwanaki a jere, ƙasar kan ɗauki zancen ko bana za a yi.

Bakabe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Kogin Matan Fada a Argungu ana hana kamun kifi a cikinsa har sai ranar biki, ranar kuwa dubban masunta ne ke rugawa cikin ruwa da gora da homa. Bikin ya yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin ya dawo a 2020, jiran bai kashe shi ba. Filayen ƙanƙara na cikin gini ma haya ake yi awa-awa, masu atisaye da yawa sai da sassafe suke samun wuri. Waɗanda ke haɗuwa a irin wannan lokaci sukan zama kamar 'yan majalisa ɗaya, kowa ya ga faɗuwar kowa. Wanda ya bar wasan ya bar su ke nan. A ƙara da kuɗin takalmi da na mai koyarwa da aka riga aka zuba, sai barin ya ƙara wuya.

Jaraba ce ko ba jaraba ba?

Masana sun rabu. Ɓangare na farko na ganin motsa jiki na iya zama jaraba ta gaske ga wasu tsiraru. Mark Griffiths na Birtaniya ya jera alamomi shida da yake ganin kowace jaraba na da su, ciki har da buƙatar ƙari kullum, ƙunci idan an hana, rikici da iyali ko aiki, da komawa bayan an daina. Masu wannan ra'ayi kan nuna 'yan wasan da ke atisaye a kan karaya, ko waɗanda ke hana kansu abinci don su yi sauƙin tashi sama. Yulia Lipnitskaya ta Rasha ta ci zinare a gasar ƙungiya ta Olamfik a Sochi a 2014 tana da shekara 15, a 2017 ta bar wasan bayan jinyar cutar ƙin cin abinci.

Ɓangare na biyu na ganin an cika saurin laƙaba wa kowace sha'awa mai ƙarfi sunan cuta. In aka bi alamomin nan sau da ƙafa, in ji su, manomin da ba ya iya kwana bai leƙa gonarsa ba ma sai a ce ya kamu. Robert Vallerand na Kanada ya kawo wata rarrabewa a 2003: akwai so mai jituwa da sauran rayuwa, wanda mutum ke iya ajiyewa idan wani abu ya fi shi muhimmanci, akwai kuma so mai danniya, wanda mutum ke yi don darajarsa a idon kansa ta rataya a kai. Mutum biyu na iya yin awa ɗaya a fili ɗaya, ɗaya na cikin na farko, ɗaya na cikin na biyu.

Ɓangare na uku ya ce a daina kallon ƙanƙarar, a kalli manyan da ke tsaye a bakin fili. Yaran da ake sa wa takalmi tun suna shekara huɗu ko biyar ba su suka zaɓa ba. Bayan rikicin ƙwayar ƙara kuzari da ya rutsa da Kamila Valieva, ita ma mai shekara 15, a Beijin a 2022, hukumar wasan ta ɗaga mafi ƙarancin shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17, a hankali har kakar 2024 zuwa 2025. Wannan hujja ta fi sauran bayyana labarin Alysa Liu: abin da ta bari yana da alaƙa da rayuwar da aka tsara mata tun tana ƙarama, da ta dawo kuma ita ke da ta cewa a kan kiɗanta da atisayenta.

Idan aka auna ukun, abin da hujjoji suka fi goyon baya shi ne mafi yawan masu cewa sun kamu suna tsakanin sha'awa da sabo ne. Masu shiga haɗari na gaske sun fi yawa a matakin gasa, inda kuɗi da suna da matsin manya suka shigo.

Ina ruwan mutumin Kebbi?

Filin ƙanƙara na buƙatar lantarki dare da rana ba yankewa, wannan kaɗai ya isa amsa. Ko a Afirka 'yan ƙasashe ne ke da shi, irin su Afirka ta Kudu da Masar da Kenya. Najeriya ta fara zuwa Olamfik ta lokacin sanyi a 2018 a Koriya ta Kudu, a wasannin amalanken ƙanƙara, ba zamiya da takalmi ba.

Amma ƙanin wasan ya riga ya iso, wato takalmi mai taya da ake ganin samari da shi a titunan manyan garuruwan Arewa. Irin mai tayoyi a jere ɗaya wasu 'yan'uwa biyu masu hokin ƙanƙara a jihar Minesota ta Amurka ne suka yayata shi wajen 1980, don su samu abin atisaye idan ƙanƙara ta narke. Kusancin wasannin biyu ya kai Erin Jackson, wadda ta tashi a Fulorida mai zafi tana tsere da taya, ta samu gurbin Olamfik na 2018 bayan kusan wata huɗu kacal tana atisayen tseren ƙanƙara. A 2022 ta ci zinare a mita 500, baƙar mace ta farko da ta ci zinare ita kaɗai a gasar lokacin sanyi.

Ke nan duk abin da aka faɗa a sama game da kunne da nutsewa da “bari in ƙara ɗaya” ya shafi yaron da ke zuwa gida da gwiwa a kurje yana roƙon a bar shi ya koma. Iyaye sun kasu. Wasu na ganin shiririta ce da za ta raba shi da karatu. Wasu na ganin gara wannan da zaman kashe wando, a ƙasar da rahoton 2018 na binciken da aka gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na amfani da ƙwaya. Kowanne na da abin kamawa, sai dai wasa shi kaɗai ba rigakafin shaye-shaye ba ne, yawan awannin da yaro ke yi kuma ba shi ke nuna matsala ba. Ma'aunin likitoci ya fi amfani: yana iya cire takalmin idan an kira salla ko lokacin islamiyya ya yi? Yana ɓoye ciwo don kada a hana shi? Kuɗin makaranta ya taɓa komawa kuɗin taya?

Babban bambancin yana ƙarƙashin ƙafa. A filin ƙanƙara akwai shinge, kowa na zagayawa ta fuska ɗaya, wanda ya faɗi kan zame ne, santsin ya rage masa bugun. Kwalta ba ta zamewa da mutum, kama shi take yi, shi ya sa karayar wuyan hannu da bugun kai ke cikin raunukan da aka fi tsoro ga masu taya, hular kwano da kariyar gwiwa da ta wuyan hannu kuma ba ado ba ne. Wanda tsanin gwaninta ya ja, idan ba shi da shimfiɗaɗɗen siminti a makaranta ko filin wasa da zai koyi juyi da tsalle, matakin gaba da ya rage masa shi ne ƙarin gudu, ƙarin gudu a titi kuwa yana nufin kama bayan Keke Napep ko motar kaya. A hanyar Jega ko ta Argungu, abin da ke biye da shi a baya tirela ce ɗauke da buhunan shinkafa.